Ranar da Sakinatu Ta Zuba Gahawa a Gidanta

Duk wanda ya taɓa zuwa biki a unguwar Ƙurban, nan ƙasar Larabawa, ya sha gahawa daga hannun Sakinatu, ko da bai san sunanta ba. Sana'arta ke nan, zuba wa mata gahawa a gidajen biki, dalla, wato butar gahawa, a hagu, finjali a dama, ba ta zama sai taro ya watse. Ni maƙwabciyarta ce, kuma har yau in na tuna abin da aka yi mata sai raina ya ɓaci.

Ba ta taɓa haihuwa ba. Wafa, 'yar ƙaninta marigayi, ita ta goya, ta yaye, ta kai har jami'a da wannan tsayuwar da ta cinye mata gwiwoyi.

Akwai wani fim na Turawan Ingila da ita da Wafa suke mutuwar so. Ɗan masu sarauta ne ya kawo 'yar direban bas gidansu, uwarsa tana kallonta sheƙeƙe, tana ƙirga mata cokulan da ta riƙe ba daidai ba. Wafa takan karanta fassarar Larabcin ta mayar mata da Hausarta mai tsallen baɗake, Sakinatu tana dariya har da hawaye.

"Ashe Turawa ma suna da wannan cuta?" in ji ta.

"Wallahi Gwaggo, da ni ce yarinyar nan, halas, shi ke nan, in bar musu ɗansu," in ji Wafa.

Sai ga Walid ya fito neman aurenta, ɗan wani tsohon gida mai gonakin dabino. Sakinatu ta kasa rufe baki don murna. Ta ɗinka sabuwar riga, ta roƙe ni in zo in taya ta karɓar matan gidansu ranar da za su zo ganin yarinya.

Suka iso bayan la'asar. An ajiye wa Sakinatu kujera kusa da uwar Walid, a matsayinta na uwar yarinya. To amma hannun da ya saba! Tana ganin 'yar maƙwabta ta ɗauki dalla da hannun dama, sai ta yi zumbur ta karɓe, ta fara zagayawa da kanta.

Uwar Walid ta ƙura mata ido, ta ce da Larabci, "Na san fuskar nan. Ba ke kika zuba mana gahawa a bikin 'yata ba?" Ta juya ga Wafa. "Kun iya zaɓen ma'aikaciya. Ina gwaggon taki da ake ta ba mu labari?"

Na zuba wa Wafa ido. Kalma ɗaya kawai ake nema a bakinta.

"Ba ta jin daɗi, hala," ta ce, wato "inna" da Larabci. "Tana ciki a kwance."

Na yunƙura zan yi magana, Sakinatu ta girgiza mini kai. Ta ci gaba da zagayawa a cikin sabuwar rigarta, kujerarta tana nan babu kowa. Da ta iso gaban Wafa ta zuba mata, ta tsaya jira kamar yadda take yi wa kowace baƙuwa. Wafa ta kurɓa, ta kaɗa finjalin, alamar da ake yi wa mai zuba cewa ya isa, ta miƙa mata ba tare da ta ɗago kai ba.

Sakinatu ta karɓa, ta matsa ga ta kusa da ita.