Na Kai wa Baffa Fim Ɗin Shanun Huɗa

Dutsin-Ma, ƙarfe biyar da rabi

Ina sallame sallar asuba na rataya jaka na fita, ko koko ban tsaya sha ba. A jakar akwai kwamfuta da kambun da aka ba ni a Abuja. Kambu uku fim ɗinmu ya ɗauko: na labari, na babban jarumi, da na fim ɗin shekara. Da aka haska shi, jama'a sun yi dariya har da riƙe ciki, wasu sun share hawaye. Ni kuwa tun da aka ambaci sunana a rediyo na san na jawo wa kaina magana, don labarin gidanmu na rubuta ban tambayi kowa ba.

Kakanmu ya rasu ya bar shanun huɗa biyu. Wajen rabon gado mahaifina da ƙanensa Baffa Sale suka ɓata, kowa ya ja sa ɗaya. To, sa ɗaya ba ya jan garma. Shekara goma sha ɗaya suna haɗa shanun a karkiya ɗaya kowace damina, ba mai ce wa wani uffan. In magana ta kama, sai a faɗa wa sa: "Kai Fari, gaya wa mai gidanka gobe gonata za a shiga." Haka aka yi har Allah ya karɓi ran mahaifina. Makon jiya Baffa ya aiko daga Birchi cewa na kai asirin gidanmu kasuwa, kada in ƙara taka ƙofarsa. Shi kaɗai ya rage mini uba.

Hanyar Kurfi

Mota ta cika ƙarfe bakwai saura kwata, naira dubu ɗaya da ɗari biyar, mu huɗu a baya da buhun wake a kan ƙafafuna. A shingen bincike wani jami'i ya zaro kambun yana jujjuyawa.

"Malam, wannan taɓaryar fa?"

"Ta fim ce, ranka ya daɗe."

"Zinari ne?"

Direba ya leƙo. "Da zinari ne, a motata za ka gan shi?"

Kurfi, takwas saura kwata

Ba zan tunkari Baffa ni kaɗai ba, don haka na sauka gidan Gwaggo Hajara, yayarsu. Ta ajiye mini waina da miyar taushe, sannan ta wanke ni tas.

"Kai dai rawar kanka ta yi yawa. Duk labaran duniya ba ka ga na bayarwa ba sai na ubanka?"

"Na yi kuskure, Gwaggo."

"Ka yi mana! Ni wa ta fito a madadina?"

Na ce ai babu ita a ciki. Nan faɗan ya koma sabo. Sai da ta gaji don kanta ta ɗauko mayafi, muka tari 'yan acaɓa biyu ƙarfe tara da rabi.

Birchi, goma da kwata

Mun iske Baffa a zaure yana tufka igiya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa wa Gwaggo kawai.

"Sale," in ji ta, "ka gani da idonka tukuna. In ka ga abin kora, ni zan riƙe maka ƙofa."

Na ɗora kwamfutar a kan turmi na kunna. Minti ashirin bai ɗago sosai ba. Da aka nuno shanun sai ya yi tsaki.

"Wanga sa bai taɓa huɗa ba. Dubi wuyanai, ko kantar karkiya babu."

Da jarumin ya fara aika sa da saƙo, Gwaggo ta fashe da dariya har da buga cinya. Baffa ya juya fuska bango, amma na ga kafaɗarsa na motsi.

Sai aka zo ƙarshe. Babban cikin 'yan'uwan yana kwance ba lafiya, ƙaramin ya shigo ɗakin, ya zauna a gefen tabarma ya ce, "Yaya, sannu." Babban ya miƙo masa hannu.

Baffa ya ajiye igiyar. Karo na farko ke nan da ya dube ni.

"Wannan ba a yi shi ba."

"Ba a yi ba, Baffa. Ni na ƙara."

Ya mayar da ido kan kwamfutar.

"Na tahi ranar da zai rasu," ya ce. "Har bakin zaurenku na kai. Na tsaya, na tsaya, na juyo. Na ce sai gobe."

Gwaggo ta rufe fuska da mayafi. Ni ma, wallahi, kuka na yi.

"Mayar mini da wurin," in ji Baffa.

Sau uku na mayar masa.

Komawa

Bayan azahar aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, ya ce in matso mu ci kwano ɗaya. Mun bar Birchi ƙarfe uku, na sauke Gwaggo a Kurfi, na shiga Dutsin-Ma ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Gwaggo da faɗanta. Baffa bai ce ya yafe ba, ban kuma tambaya ba. Da ya rako ni bakin hanya dai ya riƙe hannun rigata ya ce, "Wanda ya fito a madadina ɗin nan, in ka gan shi, ka ce mishi ya fi ni."