Fentin da Na Goge a Faifan Birki

Ko zan manta komai na zamana a Faransa, ban da ranar da tsohon makaniki ya miƙa mini faifan birki. Lokacin ina ɗalibi a Bron, ina koyon aiki a wani garaji mai shirya motar tseren awa ashirin da huɗu. In na yi kyau su ɗauke ni aiki, in ba haka ba sai gida Maradi.

Tsohuwar motarsu da kunne ake gane ciwonta. Sabuwar kuwa duk jikinta waya ce, ni aka ba ma'aunin zafin birkinta. Shi makanikin tsohon Bature ne, shekarunsa talatin a garajin, kuma bai taɓa yi mini murmushi ba. Na sa a raina haushin na'urata yake ji.

Wata safiya na hango shi tsugune yana ɗiga fenti, kore da ja, a gefen faifan. Na buga wa kawuna da ke sayar da kayan mota a Stains.

"Kawu, tsohon nan so yake ya ɓata mini aiki."

"Ka buɗe ido, ɗana," in ji shi. "Wa zai so mai cin gurbinsa?"

Shi ke nan, na bi faifai uku na goge tas. Na huɗun sauri ya hana ni.

Ranar gwaji mota ta yi ta zagaye, na'urata na cewa lafiya lau. Da direba ya tsaya shan mai, tsohon ya leƙa ƙafar da ban goge ba, ya daka tsawa a kashe mota. Fentin ya koma fari fat! Ashe zafi ke canza masa launi, wayar na'urata kuwa tuni ta ƙone. Da aka ciro faifan, ya tsage. Wallahi na kasa haɗa ido da matar direban da ke tsaye kusa da ni.

Ya miƙa mini faifan, ya ce a hankali, "Saboda kai nake sa shi, don waya tana ƙonewa. Wa ya goge sauran?"

Na ce ni ne. Bai gaya wa shugaban garajin ba, aka kuma ɗauke ni aikin. Kunyar har yau ba ta sake ni ba. Tun ranar, in na ga mutum na abin da ban gane ba, tambayarsa nake yi kafin in zarge shi.