Itacen da maigidana ya ciyar da siminti

Bana shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Malam Garba, direban babbar motar siminti a nan Malbaza. Allah ya jiƙan shi. Abin da ya bari wanda ya fi jawo surutu shi ne wani itace a ƙofar gida.

Daga ƙasar duwatsu mai sanyi, can cikin Najeriya, ya zo da dashe uku cikin gwangwani. Ganyensu kamar allura, kore shar rani da damina. Ya ce a can sun fi hasumiyar masallaci tsawo.

To, ku da ba ku san Malam ba, shi a wurinshi babu abin da siminti ba ya gyarawa. Duk ƙurar da ya sharo daga bayan mota, gindinsu yake zuba ta, wai su yi ƙarfi. In ya juye baƙin mai, shi ma nan, wai maganin gara. Biyu suka bushe. Na ukun ya tsaya iya kafaɗata, bakin ganyen ja kamar an babbake. Maƙwabcinmu Alhaji Bello in zai wuce sai ya ce, "Garba, yaushe za mu sha inuwar tsintsiyar nan taka?" Malam ya ce, "Kawo tabarmarka baɗi."

Bana ɗanmu Sani ya ce zai sare shi ya gina shagon kayan babur. Na ce, "Uban naka za ka sare?" Ya ce, "Inna, ko akuya ba ta kula shi." Sai na roƙe shi ya bar mini itacen damina guda.

Wata ma'aikaciyar gandun daji ta duba ta ce ƙasar ce ta ƙone: siminti ya daskare ta, ruwa ba ya shiga, mai kuma ya shaƙe saiwa. Da diga Sani ya fasa wurin, yana gunaguni, yana ɗago ɓawo kamar daɓen ɗaki. Muka zuba ƙasar gona da takin shanun Fulanin da ke kawo mana nono. Kafin a yanke gero, sai ga sabon toho a kai, launin ɗanyar kuɓewa.

Da Malam yana nan, na san abin da zai ce. Zai gyara hula ya ce sai yanzu simintin ya fara aiki, kuma ba mai iya kayar da shi a gardamar.

Itacen dai ba zai kai inda Malam ya yi mana alkawari ba, na sani. Amma Sani ya kauce masa wajen gini, shagon ya fito a karkace, gefe guda tsukukku. Duk wanda ya zo sayen taya sai ya tambayi dalili. Yaron da a da ba ya iya ambaton ubanshi sai ya tashi ya bar wurin, yanzu kullum ina jiyo shi daga tsakar gida yana ba da labarin, yana dariya har ya manta bai miƙa wa mutum tayarshi ba.