Kafinta a Kan Layin Likita

A ɗakin likitan ƙwaƙwalwa wani dattijo yana tuɓe takalmi, ko da yake ba wanda ya sa shi. Da gani kafinta ne. Haka ya saba taka katakon rufi, ƙafa tsirara. Yana bin layin da aka ja a ƙasa, taku uku sai tangaɗi.

"Baba, jijiyoyin jini ne suka dunƙule ta wajen ƙeya, suna ɗan tsiyaya," in ji likita. "Taɓa wurin da haɗari. Za mu sa ido, amma hawa sama ya ƙare."

Matarsa ta riƙo hannunsa. Ya daɗe yana dubanta.

"Shekara arba'in kina tsaye a ƙasa kina cewa in sauko," ya ce a hankali. "To, ga ni."