Laifin Da Aka Ɗora Wa Sola

Tsufa ya fara kwashe mini sunayen tituna da fuskokin abokan aiki, amma abin da ya faru a ofishin wata ƙungiyar manoman albasa a Bodinga yana nan daram a kaina, kuma ba na jin zan manta shi har in bar duniya.

Na bar Shagari ina saurayi a zamanin jamhuriya ta biyu, lokacin da ake layin sabulu da madara. Na yi aikin kwamfuta a Kartum da Jidda, daga baya a Jamus. Da na dawo da furfura sai na tarar layin yana nan, abin da ake bin sa dominsa ne kawai ya canza. Na tarar kuma manoman Bodinga da Shagari sun yi shafin intanet. Manomi zai ɗauki hoton albasarsa da waya ya ɗora, 'yan kasuwar kudu su gani su kira shi. Kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wadda ake kira saba, tana ƙuryar ofishin ƙungiyar, ba a hannun wani kamfanin ƙasar waje ba, domin shugaban ya rantse ba zai ajiye albasar jama'a a ƙasar da bai taɓa zuwa ba. Shugaban nan taubashina ne, mutum ne da Allah ya hore wa sanin amsa tun kafin a gama tambaya.

Wuta kuwa sai a kawo a ɗauke sau da yawa a yini, shafin ya mutu ya farfaɗo, kowa ya saba. Sai ƙungiya ta yanke shawarar sa sola. Wanda ya samu aikin mutumin Kajiji ne, mijin 'yar ƙanena, kuma wannan ne babban aikinsa na farko. Masu shaguna da masu injin ban ruwa a garuruwan biyu duk sun zuba ido su ga yadda zai kaya kafin su kira shi.

Aka kafa sola, wuta ta daina yankewa, aka yi walima. Bayan 'yan kwanaki shafin ya fara nauyi, hoto ya riƙa buɗewa rabi-rabi, sannan ya tsaya cik, ga fitila a kunne, ga fanka tana juyawa. Aka kashe saba aka kunna, ta dawo garau. Bayan wasu kwanaki ta sake sumewa. Lokacin cire albasa ne, masu saye suka fara kiran wasu garuruwa. Shugaba bai ɓata lokaci ba, ya gano cewa wutar rana ta yi wa injin zafi. Ya sa ranar taro, ya aika wa mai sola ya zo ya kwance kayansa a gaban kowa.

Surukin nawa ya same ni a gida bayan la'asar, ya durƙusa ya gaishe ni, ya kasa shan ruwan da aka kawo masa.

"Baba, wallahi na auna na sake aunawa, wutag ga lahiya lau take. In anka hidda kayana gaban jama'a, ko hitilar kaji ba mai sake ba ni in haɗa."

Na ce masa sola ba fannina ba ce, amma saba na san halinta. Washegari na hau mota zuwa Bodinga.

A Jamus idan inji ya lalace, tambayar farko ita ce me aka canza. A wurinmu tambayar farko ita ce wa za a kama, kuma an fi son wanda ba shi da kowa a kwamiti. Na gwada ta Jamusawa a kan taubashina.

"Ciyaman, mi anka canza ga injin ga?"

"Sola mana! Kai Baturen Shagari, duk yawon duniyar da kay yi ba ka iya ganin abin da ke bisa rufi?"

Ɗan 'yar'uwarsa, wanda ke kula da shafin daga Sakkwato, yana zaune a gefe. Na tambaye shi ko ya taɓa wani abu a bana. Ya ce tun kafin damina ya sabunta PHP, wato harshen da aka rubuta shafin da shi, domin tsohon ya daina samun gyaran tsaro. Abin da ya yi daidai ne. Ya ƙara da cewa an yi watanni bayan haka ba a ga matsala ba, shi ya sa bai kawo zancen ba. Na roƙi alfarma ɗaya, kada kowa ya sake kashe saba har ranar taro. Shugaba ya ce ya yarda, don in ji kunya a gaban shaidu.

Ranar taro mai sola ya zo da tsaninsa ɗaure a bayan babur. Na jawo allon kwamfutar zuwa bakin ƙofa inda dattawa za su gani, na nuna musu wani layi da ke nuna yawan gurbin aikin da saba ta cinye, abin da ake kira ram. Ya riga ya haura rabi. Na ce duk mai waya ya ɗora hoton albasa yanzu. Nan da nan aka zaro wayoyi, har da masu cewa ba su iya ba in an zo karɓar kuɗin ƙungiya. Layin ya hau. Na ce to kowa ya rufe. Aka rufe, muka zuba ido. Layin ya tsaya inda yake, ko gezau.

Sai na buɗe kwamfutata, wadda na zuba wa kwafin shafin a kan tsohon PHP, na jona ta a soket ɗin solar da ake tuhuma. Muka ɗora hotuna, layin ya hau, muka rufe, ya sauko.

Na yi musu bayani da abin da suka sani. Duk hoton da ya shigo, saba tana shimfiɗa masa tabarma ya zauna a rage masa girma, in ya tashi a naɗe. Ɗan guntun shirin da ke rage girman hoto tsoho ne, bai jitu da sabon harshen ba, sai ya daina naɗe tabarmin. Baƙo ya tafi, tabarma tana nan, har ɗaki ya cika babu wurin taka ƙafa. Tun kafin damina ake haka. Abin da ya rufa asiri shi ne duk sanda aka ɗauke wuta, saba takan mutu ta tashi da ɗaki a share. Masu ɗauke mana wuta su ne injiniyoyin da suka riƙe shafin nan watanni, ba albashi, ba godiya. Laifin mai sola ɗaya ne, ya kawo wutar da ba ta yankewa.

Wani dattijo daga Mandera ya gyara zama ya ce, "To, ranka shi daɗe, mi zai hana a sa mutum shi riƙa kashe ta kullum da hantsi, awa yadda munka saba?"

Aka yi dariya, ni ma na yi, sai dai dariyata ba ta yi nisa ba, domin gyaran wucin gadin da na yi a ranar kusan shawararsa ce: na saita saba ta riƙa sallamar ma'aikatanta na ciki, wato ƙananan shirye-shiryen da ke karɓar hotuna, tana ɗauko sababbi kafin su cika ɗakin. Daga baya ni da mai kula da shafin muka sauya tsohon guntun da sabo, layin ya koma hawa da sauka.

Shugaba ya miƙe ya yi gyaran murya. "Jama'a, kun dai gani. Da ban matsa anka yi bincike ba, da har yanzu muna cikin duhu." Ya juya ga surukina. "Kai kuma mi kaka jira da tsani? Hau ka goge muna ƙurar da ke bisa, tunda ka kawo shi."

Wannan shi ne ban haƙurin da ya samu, kuma ya karɓe shi hannu biyu. Ya hau ya goge. Kafin ya sauko, masu injin ban ruwa biyu suna tsaye a gindin tsanin suna jiran lambarsa.

Abin da na koya ban koye shi a ƙasar waje ba. Idan mutane sun daɗe cikin rashi, rashin yakan ɓoye musu ɓarnar da ke cikin gida, ranar da gyara ya zo ɓarnar ta fito, sai a kama mai gyaran. Tun daga lokacin, duk sanda na ji an ce sabon abu ya lalata wani abu, nakan fara tambaya me ya riga shi zuwa.