Ƙafar Inna Ba Ta Jiran Bakanike

Na daɗe ina juya wannan labari a raina kafin in ɗauki biro. Karatuna bai wuce firamare ba, sana'ata ɗinki, kuma maganar ta shafi yayana, wanda ba na son a ce na tona masa asiri. Sai da na karanta masa labarin ta waya, ya ce ba komai, sannan hankalina ya ɗan kwanta. Wanda ya ga kuskure ya yafe mini.

Mahaifiyarmu, Inna, a tsohuwar unguwarmu ta Sabon Birni ta tsufa. Bara babban yayanmu, Alhaji, ya gama gidansa a bayan garin Isa, ya zo da motarsa ya ɗauke ta domin ta huta. Ana nan sai aminiyarta ta ƙuruciya, Hajiya Tumba, ta rasu. Aka yi jana'iza babu Inna, aka yi sadakar uku babu Inna. Alhali duk unguwa an san alkawarin da ke tsakaninsu: wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta dama gumbar sadakar bakwai da hannunta. Bakwai ɗin ya faɗo ranar kasuwarmu, an sa addu'a bayan azahar. Na san in Inna ba ta cika wannan alkawari ba, baƙin cikinsa ba zai bar ta ba har ta koma ga Allah. Na buga wa Alhaji waya, ya ce motarsa tana gareji, ana jiran famfon mai daga Sakkwato. Na ce to, za ni zo da kaina.

Jajiberin kasuwa: Sabon Birni zuwa Isa

Na fito tun kafin kiran asuba. Na kulle shago, na yi nisa, na dawo na sake taɓa kwaɗon. Na yi salla a masallacin da ke kan hanya, na sha shayi, na ƙarasa tasha da ƙafa. Saboda halin rashin tsaro da hanyarmu take ciki, motoci ba sa tashi sai gari ya waye sosai, kuma a jere suke tafiya. Kafin a cika, na zagaya bas ɗinmu ina duba tayoyi.

Na ce, "Direba, tayar bayan ga lahiya take? Kamar zare nike gani."

Ya ce, "Ai shi ya sa munka ɗauko tela. In ta yage ka ɗinke muna."

Aka yi mini dariya, na shiga na zauna ina salati. Mun tashi bakwai da rabi. A Gatawa muka tsaya a shingen jami'an tsaro, maza suka sauka, aka duba kaya, muka wuce. Gero ya fara fitar da kai dama da hagu. Wajen goma saura muka shiga Isa lafiya.

Gidan Alhaji

A tasha 'yan kabu-kabu uku suka ƙi ɗaukata. Na huɗu ya yarda, amma a kan ninkin kuɗi. Ya ce, "Can ba a samun fasinjan dawowa. Kowa da mota tai."

Unguwa ce ta manyan katangu da ƙofofin ƙarfe, tsakanin gida da gida fili ne fetal. Ban ga mai tebur ba, ban ga rijiya ba, ban ga itacen da mutum zai fake ba. Matar Alhaji ta gaya mini ko ashana ta ƙare sai an tayar da mota, kuma tun da motar ta lalace yara ba su je makaranta ba.

Na sami Inna a ɗaki mai tayil da fanka, ta rame, ƙafafunta sun kumbura don zama. Ga tuwon jiya a rufe ba ta taɓa ba. Na yi mata gaisuwar rasuwar Hajiya Tumba, ta amsa idonta a ƙasa.

Na ce, "Inna, mi ya hana ki ce a kai ki tasha ko a kan babur?"

Ta ce, "In ce ma wa, Auta?"

Nan na gane. Alhaji ɗan farinta ne. Tun da aka haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, balle ta roƙe shi wani abu. Kunyar ɗan fari ke nan, irin ta mutanen da. A Sabon Birni wannan kunya ba ta taɓa tsare ta ba, don barka da suna da ta'aziyya da asibiti duk da ƙafarta take zuwa, ba ta tambayar kowa. A nan kuwa fita sai da makullin mota, makullin yana aljihun mutum ɗaya tilo da ba za ta iya buɗe baki ta tambaya ba. Shi kuma da ya ga ba ta magana, sai ya ɗauka daɗi take ji.

Bayan magariba na lallaɓa na ce wa Alhaji ko mu bi motar haya da safe, tunda ranar kasuwa ce, akwai motoci.

Ya ce, "Uwata cikin motar haya, tsakanin buhunan albasa? Mutanen Isa su ce mi? Famfo shina zuwa da motar farko. Ka cika tsoro, Auta."

Gaskiya ne, na cika tsoro. 

Ranar kasuwa: daga gida zuwa tasha

Ƙarfe takwas bakanike ya bugo. Famfo ya iso, amma ba na irin motar ba ne. Alhaji ya shiga kiran abokai. Wannan ya tafi Shinkafi da tasa, wancan tasa babu mai. Ni kuwa na san motocin kasuwa da hantsi ya ɗaga suke ƙarewa. Ina tsaye ina lissafin abin da za ni gaya wa 'ya'yan Hajiya Tumba, sai ga Inna ta fito da mayafinta, da ƙullin kayanta, da sandarta. Ba ta kalli inda Alhaji yake ba. Ni ta kalla.

Ta ce, "Auta, ka gaya wa mai gidan ga, ƙafata ba ta jiran kaya daga Sakkwato."

Ta buɗe ƙaramar ƙofa ta fita. Na ɗauki ƙullin na bi ta da sauri, don tana da hawan jini, kuma rabonta da doguwar tafiya tun bara. Ba mu yi nisa ba na ji taku a bayanmu. Alhaji ne da babbar riga da takalmi sau-ciki. Ya karɓi ƙullin daga hannuna.

Hanyar an yi ta ne don taya, ba don ɗan Adam ba. Babu inuwa, babu wurin zama, in mota ta taho sai mu faɗa cikin yashi. Sau biyu Inna ta huta a kan tulin bulo na masu gini. Duk hutawa sai in tambaye ta ko tana ganin jiri, har ta ce in na sake tambaya ni za ta goya. Alhaji ya jiƙe sharkaf da gumi.

Ya ce, "Auta, ashe haka gidan ga yake da nisa? Minti biyar nike yi da mota."

Na ce, "Mun kusa awa, Yaya."



Da muka shiga cikin tsohon gari sai komai ya sauya. Lunguna ƙanana, katangu suna ba da inuwa, kowace ƙofa da dakalinta. Wata tsohuwa da ba ta san mu ba ta ce, "Sannu da hanya, Hajiya, zauna ki sha ruwa." Inna ta zauna, suka gaisa kamar tare suka tashi. Gaba kaɗan ta tsaya wurin mai ƙosai, ta kwance bakin zanenta ta saya, ta ci a tsaye. Na ga Alhaji yana kallonta. Wata da watanni ana kai mata nama tana mayarwa.

A tasha bas ɗaya ta rage. Alhaji ya ce zai biya kujerun gaba biyu don ta sake. Kafin ya gama magana ta riga ta shige baya cikin mata. Kamasho ya leƙo ya ce, "Saura mutum guda. Alhaji, ko kai ne cikon?" Ya tattare babbar rigarsa, ya shiga kusa da ni, buhun albasa yana tokare da gwiwarsa.

Isa zuwa Sabon Birni

Mun tashi sha ɗaya saura. Kusa da Inna wata mata ce 'yar garin Kamarawa da kajinta biyu, ashe ta san dangin mijin Hajiya Tumba. Kafin mu kai rabin hanya Inna ta ji wanda ya haihu, da wanda ya rasu, da wadda ta yi yaji ta dawo. Muryarta da na jima ban ji ba ta cika motar.

A shinge muka tarar da layi mai tsawo na motocin kasuwa. Rana tana hawa, ni ina duba agogo. Direba ya hango ni ta madubi ya ce, "Malam, agogon ga ba shi tura mota." Alhaji ne ya sauka da kansa, ya bi direbobin gabanmu ɗaya bayan ɗaya yana cewa akwai tsohuwa mai sadakar bakwai. Suka matsa mana. Wani ma ya ɗaga hannu ya ce Allah ya jiƙan mamaciya.

Ana kiran azahar muka shiga Sabon Birni. Daga tasha zuwa gidan rasuwa ba nisa, amma kowane taku sai an tare Inna. Masu goro, masu daddawa, matan unguwa, kowa yana cewa, "Inna ta dawo." Ni ina roƙonsu su bari sai an jima. Ta shige gaba da sandarta, mu biyu muna binta a baya.

Muka tarar an jiƙa gero, an daka, an zuba a babbar ƙwarya an rufe da faifai. Babbar 'yar marigayiya ta taso ta riƙe hannunta.

Ta ce, "Inna, mata sun so su dama, na hana. Na ce ko la'asar ta yi sai mun jira ki."

Inna ta wanke hannu, ta zauna, ta ja ƙwaryar gabanta. Sai da ta tsoma hannu cikin garin sannan hawayen da ta riƙe kwana bakwai suka zubo. Ta dama, ta cura, aka fitar wa malamai a kan lokaci, aka yi addu'a aka shafa.

Da la'asar Alhaji yana zaune a shagona, ya tuɓe takalmi, ƙafarsa duk ta yi bororo. Daga nan muna hango Inna tana fita wannan gida tana shiga wancan, tana biyan gaisuwar da ta taru mata. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ka sa a share mata ɗakinta. In na so ganinta ni za ni zo. Na ga hanya."

Da ta zo wucewa na tare ta na gaya mata, shi yana zaune yana ji. Ta juya fuskarta wajen bango ta ce, "Allah shi yi ma mai maganar ga albarka." Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce amin.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa direbobin da suka ba mu hanya, da tsohuwar Isa da ta ba Inna ruwa, wadda ko sunanta ban tambaya ba, abin yana damuna.

Saura roƙo guda, kuma Alhaji ne ya ce in yi shi. Iyalinsa suna can bayan gari, da na maƙwabtansa, da tsofaffinsu. Suna son su haɗa kai su samo mota ko keken napep da zai riƙa shiga unguwar a kan lokaci sananne, safe da rana da yamma, su kuma ware wuri don masu tebur da 'yan itatuwa a bakin hanya. Ba su san ta inda ake farawa ba. In akwai mai karatu da unguwarsu ta taɓa yin haka, ya taimaka ya bayyana mana: wa ake fara gani, yaya ake shiryawa da direba, kuma me ke hana shi gudu in fasinja sun yi ƙaranci? Ku faɗa mana har da inda abin ya ɓaci, don ni na fi son in ji wannan tun da wuri.