Gorar da Ta Buɗe Bakin Inna

Shekarar da Yaya ya samu ƙarin girma a wurin aikinsa a Abuja, sai ya aiko mana da talabijin mai faɗin tabarmar salla, da dish, da dikoda, har da mutumin da zai haɗa. Yaya haka yake, idan ya so ka sai ya aiko maka da abin da za ka rasa inda za ka ajiye. Don Inna ya saya, mahaifiyarmu, wadda ke zaune a gidana a nan Lafiya tun bayan rasuwar Baba. Mai haɗawa ya hau kwano ya kafa farantinsa, ya sauko da tsohuwar eriyarmu da ta yi tsatsa, ya ce wannan kam zamaninta ya wuce. Duk muka yarda, har da Inna, masu gwangwan suka tafi da eriyar a ranar.

Gaskiya hoton ya yi kyau. Har gumin goshin mai karanta labarai kana gani. Inna ta fi son tashar da ke nuna ɗawafi, sai ta zauna da carbinta tana kallo, tana kuma sa ido a kan harkar mutane. Ta ce wancan ya cika turereniya, waccan kuma da ganin tafiyarta ƙafa ke damunta, a ba ta kujera mana. Bakin Inna ba ya hutawa. Ta yi wa miyata gyara, ta yi wa ɗaurin ɗankwalina gyara, in ta rasa abokin magana ta yi da kaji. Na sha cewa a raina, wai yaushe tsohuwar nan za ta yi shiru mutum ya ji da kansa.

Wata safiya da damina ta faɗi a bakin rijiya. A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Da muka dawo gida hannunta na dama ba ya motsi, bakinta ya karkace, sannan ga wani abu da ba wanda ya shirya masa: Hausarta ta tafi. Tana jin abin da muke faɗa, amma in ta buɗe baki sai yaren Alago ya fito. Inna 'yar wani ƙauye ce a bayan Obi, aure ya kawo ta cikin gari tana budurwa, kuma da Hausa ta raine mu, don ita ake yi a gidan Baba da kasuwa da ko'ina. Ba wanda ya hana mu yarenta, ba kuma wanda ya zauna ya koya mana. Ni dai gaisuwa na iya, sai zagi guda biyu da take mana muna yara.

Da farko tana ƙoƙari. Ta kama zanina ta yi magana, ni kuma in kawo ruwa, ta girgiza kai, in kawo filo, ta girgiza kai, in kawo fo, ta rufe ido don takaici. Na nemo Alagawa a unguwa, ai ba su da wuya a Lafiya. Amma Inna mace ce mai son a gan ta tsaf, kuma yanzu miyau na zubo mata ba ta sani ba. Duk wanda ya shigo sai ta ja mayafi ta juya ga bango. 'Yan'uwanta na ƙauye suka zo dubiya, su ma bayanta suka gaisar suka koma gona. Daga nan ta daina magana gaba ɗaya, abinci ma sai an yi da gaske take karɓar cokali kaɗan. Tsoro ya kama ni. Abin da nake tsoro shi ne ta tafi a haka, ban sake jin muryarta ba, ban kuma san abin da take son gaya mini ba.

Yaya ya bugo waya ya ce a kunna mata talabijin ya ɗebe mata kewa, ya ƙara mana tashoshi ma. Muka tura shi ɗakinta. Na zauna da rimot ina dannawa: Turanci, Larabci, Indiyanci, ƙwallo, masu dafa abincin da ba mu san sunansa ba, Hausar Kano, Hausar Nijar. Duk duniya ta shigo ɗakin Inna tar da ita, amma tashar jiharmu, wadda ɗan acaba zai kai ka ƙofarta kafin shayinka ya huce, babu ita a ciki. Ban ma lura da rashinta ba a lokacin. Inna ta kalli ɗawafin da take so na ɗan lokaci, ta mai da fuskarta bango.

Maƙwabciyata ce ta gano bakin zaren. 'Yar ƙabilar Eggon ce, Kirista, doya take sarowa daga ƙauyuka ta sayar a kasuwa, kuma katanga ɗaya ta raba mu shekara da shekaru. Kullum in ta taso kasuwa sai ta leƙo ta tsaya a ƙofar ɗakin Inna ta yi gaisuwa, ko da ba a amsa ba. Ran nan ta same ni a tsakar gida ina wanke zannuwa ina hawaye. Ta ajiye kwandonta ta dube ni, ta dubi farantin da ke kan kwano.

"Wannan abu naku babba yana kama yare?" in ji ta. "Nawa na gora yana kama. Da yamma suna karanta nius da Eggon, in ya gama Alago ya shiga. Mutum na telebishan ba ya ganin Mama, Mama ba zai ji kunya ba. Ki gwada."

Na ce ai tamu eriyar mun zubar. Ta ɗauki kwandonta ta fita. Can sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofar gida da wani abu mai tsawo. Matar nan tata eriyar ta sa aka sauko da ita, da gorarta da wayarta, ta jawo ta a kan titi mutane na kallo. Na ce to ke fa, da me za ki ji naki labaran? Ta ce ita tana da baki tana da ƙafa, labarin da ke kasuwa ya ishe ta.

Maigidana ya dawo daga aiki a Shabu ya tarar da gora kwance a tsakar gida. Shi mutum ne mai kunyar surukai irin ta da. Tun da Inna ta tare a gidanmu bai taɓa taka cikin ɗakinta ba, daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta, kansa a ƙasa. Da ciwon ya zo sai ya rasa ta inda zai taimaka, yana ta zagaye gidan kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Da na yi masa bayani, ko riga bai canza ba ya ɗaure gorar a jikin bishiyar mangwaro, ya zura wayar ta taga, na soka ta a ramin da ke bayan talabijin.

Wanda bai taɓa juya eriya ba bai san aikin ba. Mutum ɗaya na waje riƙe da gora, ɗaya na ciki idonsa a kan hoto, sai a yi ta kiran juna ta taga. Ina cewa juya, yana juyawa. Ina cewa ya wuce, dawo kaɗan. Shi kuma kaɗan ɗinsa rabin gari ne. Na ce Malam, a hankali mana, ba tuƙin tuwo ba ne. Maƙwabciyata na tsaye a tsakani tana maimaita duk abin da na faɗa da ƙarfi, har da na tuwon. A kan talabijin ɗin nan na Yaya mai tsada babu komai sai yashi da ƙara, sannan inuwar mutum ta fito ta ɓace, ta sake fitowa. Na ce tsaya nan, kar ka ko numfasa.

Hoton dishi-dishi ne, mutumin ciki har biyu yake zama, hularsa na rawa. Ana gama na Eggon wani dattijo ya zauna ya gyara takardunsa, ya ɗago kai ya yi gaisuwa da Alago. Ita kam na gane ta. Inna tana kwance fuskarta a bango. Na ga kafaɗarta ta motsa. Dattijon ya ƙara gaisuwa ta biyu, irin wadda ake tambayar gida da gajiya, sai na ji an amsa daga kan gado, murya a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Ban juya na kalle ta ba, don na san in na kalla za ta yi shiru. Na kafa idona a kan yashin nan, hawaye na zuba a kan rimot.

Daga ranar yammacinmu ya canza. Da an yi la'asar Inna za ta fara nuna akwatinta da hannun hagu, sai na ɗauko mata ɗankwali mai kyau na ɗaura mata, na goge mata baki, na jingina ta da filo. Baƙo za ta yi, dattijon nan mai karanta labarai. Tana amsa gaisuwarsa, tana yi masa gardama, wani lokaci ta yi tsaki ta kawar da kai, da alama ya faɗi abin da gwamnati za ta yi ne. In ya gama sai ta karɓi kunu ta shanye. Damina ce, iska kuma ba ta bar gorar ta zauna wuri ɗaya ba, ko an ɗaure ta sai ta juya. Sai maigidana ya mai da abin aikinsa. Duk inda yake zai baro ya dawo, ya tsaya ƙarƙashin mangwaro ya riƙe gorar da hannu biyu har a gama. Na sha leƙawa ta taga in gan shi cikin yayyafi, buhu a kansa, yana sauraron yaren da ko kalma ɗaya bai sani ba. Na aure shi da daɗewa, amma a wannan daminar na san wanda na aura.

Duk da haka da talabijin take magana, ba da ni ba. In an kashe sai ta koma shirunta. Na gode wa Allah da abin da na samu, amma ba zan ɓoye ba, har kishin dattijon nan na yi.

A ƙarshen labaran yare akwai sanarwa, ta biki da ta rasuwa, a sa hoton mamaci a faɗi ƙauyensu da ranar da za a yi zaman makoki. Wata yamma aka sa hoton wata tsohuwa da ɗankwalin zumuntar mata na coci. Ni ban ga komai ba sai dishi-dishi, amma na ji sunan ƙauyen su Inna. Inna ta yi wani sauti, ta miƙa hannun hagu wajen hoton, ta kira wani suna. Ta daɗe tana kuka. Da ta share ido sai ta nuna mayafinta, ta nuna ƙofa. Na ce Inna, can za ki? Ta gyaɗa kai. Na ce akwai jama'a fa, za su gan ki. Ta harare ni irin hararar da na yi wata da watanni ina kewa.

Washegari muka ɗauki mota zuwa Obi, daga nan muka bi hanyar ƙasa. An kafa rumfa a ƙofar gidan, mata sun cika tabarmi. Ashe mamaciyar ƙawarta ce ta ƙuruciya, tare suka yi tallan gyaɗa, aure da addini suka kai kowa gidanta amma ba su rabu ba. Muka zaunar da Inna a tsakiyar tsofaffi. Na tsaya kusa da ƙyalle a hannu don goge mata baki, ta ture hannuna. Ta fara magana, bakin a karkace, kalmomin na fita da ƙyar, tsofaffin suka matso suna amsawa. Ta yi ta yi, suna kuka suna dariya, ba wadda ta damu da miyau. Ni ina gefe kamar baƙuwa, ba na gane komai.

Can sai na ga duk sun juyo suna kallona. Wata tsohuwa mai jin Hausa ta kama hannuna ta zaunar da ni.

"Kin san me uwarki take faɗa? Ta ce tun da ta kwanta ba ki taɓa barinta ta kwana cikin ƙazanta ba. Ta ce kullum tana so ta ce miki sannu, in ta buɗe baki sai ki ruga ki kawo ruwa."

Matan suka yi dariya. Ni na kasa. Na tambayi tsohuwar yadda ake amsawa da Alago, ta faɗa mini a hankali, na juya na durƙusa a gaban Inna na maimaita. Na san na kwaɓa, don rumfar gaba ɗaya ta ɗauki dariya, a gidan makoki. Inna ta girgiza kai, ta kamo kunnena da hannun hagu, ta faɗi kalmar daidai, ta jira. Na sake faɗa. Ta sake gyara mini. Sai a karo na gaba ta saki kunnen, ta ɗora tafinta a kaina ta bar shi a nan.